Agogunan Motar Yaya Bala

Shekara tara ke nan a wannan makon da rasuwar yayana, Alhaji Bala, wanda mutanen Yelwa suka fi sani da Bala Mai Agogo. Baƙo in ya ji sunan sai ya zaci agogon hannu yake sayarwa. Ko kusa. Kayan gyaran injin jirgin ruwa ne sana'arsa, a wani ɗan shago da ke kallon bakin ruwa, inda masu fito da masunta, daga Wara har Shanga, suke zuwa neman farfela da filogi da sauran tarkace. Motarsa ce ta ja masa sunan. Wata baƙar mota ce ƙirar Jamus, gajera kamar ta kwanta a ƙasa, mai inji da turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi. Ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunsa, ya yi shekaru yana lallaɓa ta har ta dawo sabuwa. Bayan agogunan da ta zo da su a bayan sitiyari, sai ya sa aka ƙara masa waɗansu ƙanana, aka jera su a saman allon gaban direba. Ranar da Inna ta fara shiga motar, ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Bala, wagga mota ce ko ɗakin likita?"

Ni ce autarsu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu, shi ya tsaya tsayin daka har na gama karatu na zama malamar makaranta, kuma shi ya koya mini tuƙi a lokacin da mace a bayan sitiyari abin nunawa da yatsa ce a garinmu. Ba zan cika wannan shafi da cewa mutumin kirki ne ba, don babu mamacin da ba a faɗa wa haka. Zan yi maganar da shi kansa ya fi so a yi, wato maganar agogunan nan, wanne ne ke da amfani a motar gudu, wanne ne ado kawai. Na san amsar da zai bayar, kuma na ga ranar da amsar ta yi aiki.

A filin ƙwallon wata makaranta ya fara koya mini, ranakun Asabar da safe. Da na zauna na kama sitiyari, sai ya cire hularsa ya kifa ta a kan maleji. Na ce, "Yaya, ta yaya zan san gudun da nake yi?" Ya ce, "Auta, bishiyoyi za su gaya miki. Abin da ke cikin inji ne ba mai gaya miki sai waɗanga." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Kafin in iya juya mota a titi, na iya karanta kowace allura a allon nan, na san inda take zama in inji na sanyi, da inda take komawa in ya ɗumama.

Na farko a wurinsa, wanda ba ya haɗa shi da kowa, shi ne agogon ƙarfin baƙin mai. Mutane kan ɗauka yawan man da ke cikin inji yake nunawa. Ba haka ba ne. Ƙarfin da famfo ke tura man ne zuwa gaɓoɓin inji, inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe. Muddin man na isa da ƙarfinsa, inji na iya gudu yini guda. In ya yanke, a motar da ake taka wa totur, kafin ka gama mamaki inji ya buga. Na taɓa ce masa ai kowace mota tana da jar fitilar nan mai hoton buta, me ya sa sai an ƙara agogo? Ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Wagga fitila ba gargaɗi take yi ba, Auta. Ta'aziyya take yi." Nufinsa, fitilar ba ta kamawa sai ƙarfin man ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Allura kuwa tana nuna maka tun sa'ad da ya fara sauka, kana da sauran lokacin tsayawa.

Na biyu shi ne agogon zafin ruwan lagireto. Wanda ya san bazarar Yauri, lokacin da kwalta ke laushi, har tafkin da ke gefen gari yana huci, ba ya bukatar dogon bayani. Yaya yakan ce inji mai ƙarfi wuta ce aka kulle a akwati, ruwa ne kawai ke ba ta haƙuri. In allurar ta ɗan haura wurin zamanta, zai kashe na'urar sanyaya mota, ya sassauta ƙafa, ya ga ko za ta sauko. In ta ƙi, zai tsaya, kuma ba zai taɓa buɗe murfin lagireto yana tafasa ba. Kusa da wannan ya sa na zafin baƙin mai, don shi ne ke gaya masa lokacin da inji ya ɗumama da gaske. Komai saurin da yake yi da safe, ba ya taka ta da ƙarfi sai wannan allura ta motsa. Har maƙwabta sun san shi da haka: motar da ta fi kowace gudu a unguwa ita ce ke fita daga layi kamar tana tausayin ƙasa.

Sai agogon juyin inji, mai jan layi a ƙarshensa. Da shi yake canza giya, da shi yake sanin iyakar abin da zai nema a wurin motar in zai wuce tirela. Sai na batir, wanda ya ce ƙaramin agogo ne mai babban gulma, domin in fanbel ya tsinke shi ne ke fara kawo labari, tun kafin ruwa ya tafasa. Na turbo kuwa, wanda samari ke leƙowa ta taga su kalla, shi ne na ƙarshe a cikin waɗanda ya ƙara. Ya yarda yana da amfani, yana nuna in iska na zurarewa a wani wuri ko turbon ya fara gajiya, amma ya ce yawancin masu saka shi don su ga allura na tsalle ne, su ji daɗi.

A kan maleji ne kaɗai muka yi saɓani, kuma har yau ina kan bakana. Shi ya raina shi. Ni kuwa na ce mai wucewa ta gaban makarantar firamare ko kasuwar ƙauye yana bukatarsa, domin motar da ke da ƙarfi tana ɓoye gudunta, kana jin kamar tafiyar hawainiya kake yi alhali kana tashi sama. Abin dariyar shi ne shi kansa a cikin gari ba ya gudu ko kaɗan. Sai ya bar gidaje a baya, titi ya miƙe, babu mutum babu dabba, sannan za ka ji motar ta canza murya.

Duk wannan, a lokacin, na ɗauke shi sha'awa ce ta namiji mai son ƙarfe. Ranar da na gane ba sha'awa kaɗai ba ce, wata Asabar ce a ƙarshen bazara, ana sharar gonaki, ruwa bai sauka sosai ba.

Maigidana, Malam, malamin gona ne, kuma yana da tasa gonar shinkafa a wani ƙauye ta wajen Shanga. Da hantsi wayata ta yi ƙara, lambarsa ce amma muryar wani ce. Ya ce maciji ya sari Malam a ƙafa, an ɗauke shi an kai ɗan asibitin ƙauyen. Ban san yadda na isa shagon Yaya ba. Yana tsakiyar ciniki da waɗansu masu jirgi, farfela a hannunsa. Ya dubi fuskata, ya ajiye farfelar a kan tebur, ya ɗauki makullin mota. Shagon ma a buɗe ya bar shi.

Mun sami Malam kwance a kan benci, ƙafar ta kumbura har gwiwa, in ya tofar da yawu da jini a ciki. Ma'aikacin asibitin ya ja mu gefe, ya ce kububuwa ce, sun ga gawarta, manoma sun kashe ta. Ya ce dafinta hana jini daskarewa yake yi, kuma allurar da ke karya shi ba su da ita a nan, sai babban asibiti a Birnin Kebbi. Kada a bar shi ya taka ƙafar, kada a tsaya neman wani magani a hanya. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyata. Daga inda nake ina hangen kafaɗar Yaya da agogunan nan a jere a gabansa.

Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Ko rediyo bai kunna ba. Idonsa na kan titi, sai ya ɗan sauko kan allon ya koma, ya sauko ya koma, kamar mai numfashi. Muka hau babban titi, muka wuce Koko, rana ta take tsaka. Jinin bakin Malam ya ɓata mini zani, ina ta goge masa da gefen mayafi ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Can gaba, a wani wuri da babu gari kusa, wata babbar mota ta taho ta cinye mana rabin hanya, ga kuma rami a namu hannun. Babu wurin kaucewa. Ƙasan motarmu ya daki bakin ramin, na ji ƙarar har a haƙorana. Ta wuce, ta ci gaba da gudu lafiya lau, babu wani sabon ƙara, babu fitilar da ta kama. Na ce alhamdu lillahi a raina. Amma na lura idon Yaya ya daina komawa titi da sauri kamar da. Ba a jima ba sai na ji ya ɗaga ƙafa. Ya gangara gefe, ƙarƙashin wata ɗorawa, ya kashe inji nan take.

"Yaya, mi ya faru?"

"Ƙarfin mai na sauka."

"To ai tana tahiya! Don Allah mu tahi, in ta lalace ta lalace."

Ya juyo ya dube ni, bai ɗaga murya ba. "In ta lalace, Auta, cikin dajin ga za ta lalace, da shi a ciki. Ki ba ni ɗan lokaci."

Na buɗe baki zan sake magana, sai Malam ya matse mini hannu. Da ƙyar muryarsa ke fita. "Ki bar Yaya shi yi aikinai."

Yaya ya fita ya buɗe but, ya ɗauko jakar kayan aikinsa, ya kwanta a ƙasa da farar shaddarsa, ya shige ƙarƙashin gaban motar. Na leƙa ta taga, sai na ga wani baƙin layi siriri a kan kwalta, ya biyo mu tun daga nesa har inda muka tsaya. Akwai wani ƙaramin lagireto a gaban motar mai sanyaya baƙin mai, ashe tiyon da ke kai masa man ne ya tsage kusa da baki sa'ad da muka daki ramin. Yaya ya yanke wurin da ya tsage da wuƙa, ya mayar da tiyon, ya ɗaure shi tamau. Man da ke ciki tafasasshe ne, ya zubo masa a dantse. Na ji ya yi salati sau ɗaya, bai fito ba sai da ya gama. Ya ɗauko galan ɗin baƙin mai da ba ya rabo da shi a but, ya ɗura, ya duba, ya ƙara.

Ya shigo ya tayar da ita. Bai sa giya ba. Ya zuba wa allurar ido, ni ma na zuba mata. Ta yi kamar ba za ta motsa ba, sannan ta ɗaga kai, ta hau, ta tsaya daidai inda na saba ganinta. Ya sake fita ya leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Babu. Ya ce, "Bismillahi," muka hau titi. A iya zaman da muka yi a wurin, ban ga motar da ta wuce mai wurin da za a kwantar da mara lafiya ba, sai tireloli da wata a-kori-kura cike da buhuna.

Kafin la'asar muna asibiti. Aka karɓi Malam, aka sa masa allurar, aka ƙara masa jini. Ya yi kwanaki a kwance, ƙafar ta daɗe ba ta saɓe ba, amma ya tashi. Yanzu haka da nake rubutun nan yana tsakar gida yana faɗa da jikokinsa a kan sun tsinke masa ganyen zogale.

A barandar asibitin, wata ma'aikaciya tana wanke wa Yaya ƙunar hannunsa, fatar ta saɓule, na tambaye shi ko bai ji tsoro ba da ya tsaya. Ya ce, "Na ji mana. Ji nike kamar in taka ta har ƙasa in rufe ido. Amma allurar ba ta san Malam ba, ba ta san ke ba, ba ta jin tsoro. Shi ya sa nike tambayarta." Tabon ƙunar nan da shi aka binne shi.

Bayan wasu shekaru ciwon ƙoda ya kama shi. A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa, Allah sarki, ya kula da agogon mota bai kula da na jikinsa ba. Magana ce mai daɗin faɗa, amma ba gaskiya ba ce, kuma ina so in gyara ta a nan. Yaya yana zuwa awon jini, yana shan maganinsa a kan ƙa'ida, ya bar gishiri, ya bar naman da yake so. Ya ga abin tun yana tahowa, ya yi duk abin da ake yi, ya shirya iyalinsa, ya sallami abokan hulɗarsa cikin mutunci. Lokaci ne ya yi. Shi da kansa ya ce mini sanin abu da wuri ba ya hana shi zuwa kullum, amma yana ba ka damar ka tsaya a inda ka zaɓa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga motocin yau. Wadda nake hawa yanzu ba ta da agogon zafin ruwa ko kaɗan. Allo ne mai haske kamar na waya, yana nuna mini waƙar da ke rediyo, da zafin gari, da ƙofar da ba ta rufu ba. Abin da ke faruwa a cikin inji kuwa sai in ta ga dama ta kunna mini fitila. Waɗansu motocin suna da allurar zafi, amma makanikai sun ce an saita ta ne ta zauna a tsakiya don kada hankalin direba ya tashi, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Na san wannan zai ɓata masa rai. Zai ce an mayar da direba fasinja.

Zai kuma yi takaicin abin da nake gani a garejin bakin titi, inda fitilar gargaɗi ke kamawa sai a manna mata baƙin salatif, a ce an gyara. Da samarin da ke wasan mota ranar ɗaurin aure, suna juya ta a fili tana ihu, allon gabansu cike da agoguna masu shuɗi da jan haske. Na taɓa leƙa ɗaya daga cikinsu, motar ɗan wata abokiyar aikina. Na tambaye shi wannan allurar me take nunawa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ai ba a jona ta da komai ba, kyau take ƙara wa mota." Da Yaya ne, ba zai zage shi ba. Zai buɗe ƙofa ya zauna kusa da shi, ya ce tayar mu ji, kuma yaron ba zai bar wurin ba sai ya san abin da kowace waya ke yi.

Amma kada a ɗauka mai ƙin sabon abu ne. Akwai wata 'yar na'ura yanzu da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, ta riƙa aiko wa wayarka zafin ruwa da ƙarfin batir da juyin inji, a waɗansu motocin har da zafin baƙin mai. Na tabbata da shi zai fara sayenta a Yelwa, ya kwana biyu yana wasa da ita, ya tara masu jirgi a shago yana nuna musu. Abin da zai ce kawai shi ne mai gudu ba ya da lokacin karanta lambobi a waya. Allura kuwa ko da wutsiyar ido ka kalle ta, ka san ko tana wurinta ko ta kauce. Don haka zai ce a bar wayar ta yi sauran aikin, amma ƙarfin baƙin mai da zafin ruwa a ba su agogonsu na kansu, a sa su inda ido ke faɗawa ba sai an sunkuya ba. Shekarun nan da na yi ina tuƙi ba su nuna mini kuskure a wannan jerin nasa ba, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni.

Akwai abin da bai gani ba, wanda na gode wa Allah da bai gani ba. A zamaninsa gudu a hanyoyinmu nishaɗi ne, ko gaggawar mara lafiya. Yanzu akwai wuraren da direba ke taka mota don tsoro, musamman tun da 'yan bindiga suka sace ɗalibanmu a Birnin Yauri. Ni malama ce, ba na iya wuce wannan hanya ban tuna da su ba. A irin wannan zamani, lalacewar mota a daji ba ɓata lokaci kaɗai ba ce. Wanda ya san lafiyar injinsa tun yana cikin gari, ya tsaya a inda akwai mutane ya gyara, ya fi wanda ya dogara da ƙarfin motarsa nesa ba kusa ba. Maganar da Yaya yake yi ana ce masa ya cika fi'ili, yau ta zama maganar tsira da rai.

Motar an sayar da ita bayan rasuwarsa, wani daga Kontagora ya ɗauka, ban bi labarinta ba. Shagon yana hannun wani, ya canza masa fenti. Agogunan irin nasa ma wataƙila nan gaba sai a wurin masu tara tsofaffin kaya. In a ƙarfe ne mutum ke wanzuwa, to Yaya ya kusa ƙarewa.

Sai dai a ranakun makokinsa na ga fuskokin da ban sani ba, Gungawa daga tsibirai, Kambari daga kan tudu, Musulmi da Kirista, kowa da labarin ranar da baƙar motar nan ta ɗauke shi ko ta ɗauki nasa. Bai taɓa gaya mana ko ɗaya ba. A cikinsu akwai wata mata daga wani ƙauye ta wajen Ngaski, ana ce mata Maman Rahila. Tun daga shekarar, duk kaka sai ta zo wurin matarsa, Anti Rabi, da ɗan ƙunshin gyaɗa da dawa. Shekaranjiya ta zo ina gidan, tare da wata budurwa doguwa da ta ce ita ce Rahilar, tana karatun aikin jinya.

Na ce wa Maman Rahila ta ba ni labarin da bakinta, don a wurin makoki ban ji shi sosai ba. Ta ce Rahila tana goye a lokacin, zazzaɓi ya sa ta suma, idanu sun juye. Ita uwar ta fito bakin titi ranar kasuwa tana ɗaga hannu, motoci suna wucewa cike da kaya. Wata baƙar mota ta wuce kamar iska, sai ta ga ta tsaya can gaba, ta dawo da baya.

"Ni ban taɓa shiga irinta ba," in ji ta. "Da ya fara gudu sai na kama kujera ina kiran Yesu, ina kallon itatuwa suna wucewa. Sai ya ce mini, 'Mama, bar kallon hanya, hanya tawa ce. Ke dubi ɗiyarki, in ta buɗe ido ki gaya mini.' Muna shiga Yelwa ta buɗe. Na ce, Alhaji, ta buɗe! Ya ce, 'To, madalla. Ci gaba da kallonta.'"

Anti Rabi ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Rahila ta zuba mini ruwa a kofi, ta miƙo da hannu biyu.

Allah ya yi maka rahama, Yaya, ya yalwata maka makwanci, ya sa ka isa lafiya.